Idan ajiyar wasa ta lalace, alhakin wane ne?

A watan Disamba na shekarar 2020, 'yan kwanaki bayan fitowar wasan Cyberpunk 2077, masu buga shi a kwamfuta suka fara kawo ƙorafi iri ɗaya. Mutum zai buɗe wasan domin ya ɗora daga inda ya tsaya jiya, sai a sanar da shi cewa ajiyarsa ta lalace, ba za ta buɗu ba. Da aka bi diddigi, sai aka gano cewa fayil ɗin da wasan ke rubuta ci gaban ɗan wasa a cikinsa ba ya jure wuce megabayit 8. Wanda ya fi kowa ƙwazo wajen tara kaya da ƙera makamai a cikin wasan, shi ne fayil ɗinsa ya fi saurin kumbura, shi ne kuma ya fara tafka asara. Shawarar farko da aka ba jama'a ita ce su rage tara kaya. Kamfanin CD Projekt Red ya cire wannan iyaka a gyaran da ya fitar ranar 23 ga watan, amma ya faɗa a fili cewa gyaran ba zai farfaɗo da fayilolin da suka riga suka lalace ba.

Wanda ba ya harkar zai iya taɓe baki ya ce ai wasa ne. To amma a dubi abin da aka rasa. Shi wasan kansa, komai girmansa, ana iya sake sauke shi daga intanet, domin kwafinsa iri ɗaya ne a hannun miliyoyin mutane. Fayil ɗin ajiya kuwa babu irinsa a ko'ina. Shi ne kaɗai ɓangaren wasan da ɗan wasa ya samar da kansa: garin da ya gina, ƙungiyar ƙwallon da ya raina kaka bayan kaka, darare ɗari da ya ware bayan tashi daga aiki. Abin takaici shi ne masana'antar ta daɗe tana riƙon wannan ɗan ƙaramin fayil riƙon sakainar kashi, wasu kamfanonin ma sun kai ga kulle shi su sayar wa mai shi da hanyar kare shi.

Yadda fayil ke lalacewa ba wani sirri ba ne. Kwamfuta ba ta rubuta fayil a bugu ɗaya. Wasan yakan miƙa bayanai ga babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ita kuma takan riƙe su na ɗan lokaci a ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira RAM kafin ta zuba su a faifan ajiya. Idan wasan ya zaɓi hanya mafi sauƙi, wato ya buɗe tsohon fayil, ya share abin da ke ciki, sannan ya fara rubuta sabo a kansa, to akwai wani ɗan taƙi, wani lokaci bai kai daƙiƙa guda ba, da babu tsoho kuma babu sabo. Idan wasan ya daskare ko aka ɗauke wuta a daidai wannan gaɓa, abin da zai rage shi ne rabin fayil, ko fayil mai suna amma babu komai a cikinsa. Kamar ɗan kasuwa ne da ya goge shafin bashin jiya kafin ya kwafe lissafin yau, fitila kuma ta mutu yana tsakiyar rubutu. Ƙari a kan haka, wasanni da yawa suna liƙa wa fayil ɗin wani lissafin tantancewa, ta yadda ko harafi ɗaya ya sauya za su ƙi karɓarsa gaba ɗaya.

Maganin wannan ma sananne ne, an shafe gomman shekaru ana amfani da shi. A rubuta sabon fayil da wani suna na daban, a tabbatar ya sauka a faifai cikakke, sannan a sauya masa suna ya maye gurbin tsohon, shi kuma tsohon a ajiye shi gefe. Minecraft na kwamfuta haka yake yi: kusa da fayil ɗin level.dat akwai level.dat_old, wanda shi ne kwafin da ya gabata. Stardew Valley, wasan da mutum ɗaya, Eric Barone, ya ƙirƙira, yana barin kwafin ranar da ta wuce mai ɗauke da _old a ƙarshen sunansa. Elden Ring yana ajiye ER0000.sl2 tare da abokinsa mai .bak a ƙarshe. Idan mutum ɗaya da ke aiki a ɗakinsa ya iya tanadin wannan, kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata ba shi da bakin cewa abin ya gagare shi.

A zamanin da akwai uzuri. Kaset ɗin The Legend of Zelda da ya fito a Amurka a 1987 yana da ɗan batir a cikinsa, shi ke riƙe ajiyar, har ana gargaɗin masu wasa su danne maɓallin Reset yayin kashe na'urar. Kaset ɗin Pokémon Gold da Silver kuwa batirinsu ya fi saurin ƙarewa domin shi ke juya agogon da ke cikin wasan, kuma ranar da ya ƙare komai ya tafi. Wancan iyakar fasahar lokacin ce. Yau wurin ajiya ya yi arha, fayil ɗin yawancin wasanni bai fi 'yan hotunan waya nauyi ba.

Ga wanda abin ya riga ya faru da shi, mintunan farko su ne mafi tsada, kuma a cikinsu ne aka fi yin ɓarna. Abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya sake buɗe wasan, ya rufe, ya sake buɗewa, ko ya fara sabon wasa don ya ga ko zai yi aiki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na iya sa wasan ya rubuta sabon abu a kan kwafin ko-ta-kwana da ya rage, wato lafiyayyen .bak ya koma gurɓatacce shi ma. Abin da ya dace shi ne a rufe wasan, a katse intanet domin kada gurɓataccen fayil ya hau rumbun kamfani ya danne mai kyau da ke can, sannan a kwafe foldar ajiyar ɗungurungum zuwa filashi kafin a taɓa komai. A Windows, foldar takan kasance a cikin Documents, ko Saved Games, ko kuma ɓoyayyar foldar AppData. Bayan an yi kwafi ne za a gwada sauya wa fayil mai .bak ko _old suna ya koma na asali.

Masu amfani da Steam suna da wata ƙofar. Tun 2008 dandalin ke ajiye kwafin ajiyar wasannin da suka amince da tsarin a rumbunsa na intanet, kyauta, kuma akwai shafi a cikin asusun mutum da zai iya sauke fayilolin kai tsaye. Sai dai a nan ma akwai tarko. Idan na kwamfuta da na rumbu suka saɓa, Steam yakan tambaya wanne za a riƙe, kuma mai gaggawa yakan zaɓi mafi sabon kwanan wata, alhali sau da yawa shi ne wanda ya lalace. Rumbun da ke daidaita kansa da kwamfuta madubi ne, abin da ya gani shi zai nuna, mai kyau ko maras kyau.

Idan kuma fayil ɗin gogewa ya yi, manhajoji irin su Recuva da PhotoRec suna iya tono shi, domin a tsohon faifai mai juyawa gogewa tana cire sunan fayil ne daga jerin sunaye, bayanan suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu. A faifan SSD labarin ya sha bamban: akwai umarnin da ake kira TRIM wanda ke sa faifan ya share gurbin ba da jimawa ba, don haka fatan samun nasara kaɗan ne. Ya kamata a faɗi wannan ba tare da kwana-kwana ba, saboda intanet cike take da tallan manhajojin da ke alƙawarin gyara kowane fayil idan an biya. Abin da ba a taɓa rubutawa a faifai ba, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Duk waɗannan dabaru na mai kwamfuta ne, wanda ke iya ganin fayil ɗinsa. Mai na'urar wasa ta talabijin ko ta hannu ba ya ko ganinsa. Nintendo Switch ta fito a watan Maris na 2017 ba tare da wata hanyar kwafe ajiya zuwa katin microSD ba. Wanda na'urarsa ta faɗa ruwa ya yi sallama da komai. Sai a watan Satumba na 2018 aka kawo ajiya a rumbun intanet, ita ma a cikin tsarin Nintendo Switch Online na biyan kuɗi, kuma wasanni irin su Splatoon 2 da Pokémon: Let's Go ba sa ciki. Sony ma ta bi sahu: a PlayStation 4 ana iya kwafe ajiya zuwa filashi, amma a PlayStation 5 da ta fito a 2020 an rufe wannan ƙofa ga wasannin sabuwar na'urar, sai dai a biya kuɗin PlayStation Plus. Microsoft, a nata ɓangaren, tana ba masu Xbox ajiyar rumbu kyauta, abin da ke nuna cewa tsadar hidimar ba ita ce matsalar ba.

Kamfanonin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. A 2008 wasu masana manhaja sun fasa tsaron na'urar Wii ta hanyar fayil ɗin ajiya na wasan Twilight Princess. Sun tsawaita sunan dokin jarumin fiye da gurbin da aka tanada masa, wasan ya ruɗe, ya shiga aiwatar da umarninsu. Daga irin wannan ɓaraka satar wasanni kan samu hanya. Akwai kuma maguɗi: wanda ke iya mayar da tsohuwar ajiya zai iya ninka kaya masu daraja ko ya goge rashin nasararsa a gasar intanet. Amma wannan hujja tana kare rufe cikin fayil ne, ba ta kai ga hana kwafe shi ba. Ana iya kulle fayil da lambobin sirri, a ɗaure shi da asusun mai shi, ta yadda ba wanda zai iya sauya abin da ke ciki, amma mai shi ya iya adana kwafi a aljihunsa. Kusan haka PlayStation 4 ta yi shekara da shekaru. Matsayin ɗan wasa a gasa kuma a rumbun kamfani ya kamata ya zauna tun asali. Idan aka cire waɗannan biyun, abin da ya rage na hujjar bai wuce kuɗin wata-wata ba.

Wannan tsari ya fi yi wa wasu nauyi fiye da wasu. An zana shi ne da tunanin gidan da wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ta yankewa, katin banki kuma yana biyan dala ba gardama. Ɗan wasa a Kano ko Zinder yana zaune ne a inda babban sanadin lalacewar fayil, wato yankewar wuta ana tsakiyar rubutu, abu ne na yau da kullum, ga sauyi daga wutar gari zuwa janareta da kan kashe na'ura ba sallama. Shi ne ya fi buƙatar kwafi a filashi, shi ne kuma aka ce ya biya kuɗin waje ya ƙona data kafin ya samu kariya. Abin da ke hannunsa a yanzu shi ne ƙaramar na'urar UPS da za ta ba shi 'yan mintunan kashe wasa cikin tsari, da ɗabi'ar rarraba ajiya a gurabe biyu ko uku a wasannin da suka ba da dama. Dabarun suna aiki, sai dai gyaran gangar auzinawa ne, nauyin kamfani ne aka sauke a kan mai saye.

Tarihin kamfanonin da kansu ya nuna cewa suna iyawa idan sun so. A ƙarshen 2011, da aka gano wani kuskure a wasan Skyward Sword da ke toshe wa ɗan wasa hanyar ci gaba, Nintendo ta fitar da wata manhaja ta musamman a kan Wii wadda aikinta kawai shi ne gyara fayilolin da suka maƙale. A watan Maris na 2020 kuma ta fitar da Animal Crossing: New Horizons, wasan da mutane ke shafe watanni suna gina tsibiri a cikinsa, ba tare da hanyar adana tsibirin a wani wuri ba. Ƙorafi ya yi yawa, a ƙarshen watan Yuli aka ƙara hanyar. Ko a lokacin, sai mai biyan kuɗin Nintendo Switch Online ne ya cancanta, kuma an tanade ta ne domin wanda na'urarsa ta ɓata ko ta lalace, ba domin wanda ke son riƙe kwafin tsibirinsa a hannunsa ba.