Ƙidayar Ambato Ba Ita Ce Ilimi Ba

Ni dai ban yarda da wannan al'ada ta jami'o'i ba, ta auna darajar masanin kimiyya da yawan waɗanda suka ambaci takardunsa. Tun da Jorge Hirsch ya fito da ma'auninsa a 2005, lamba ta samu fada, har ana duba ta wajen ba da kujerar farfesa da kuɗin bincike.

To jama'a, ku zo mu ɗora Peter Mitchell a kan wannan sikeli. A 1961 wannan ɗan Ingila ya rubuta a mujallar Nature cewa mitokondiriya, ɗan injin nan da ke cikin ƙwayar halitta, tana tura furoton ne zuwa ƙetaren fatarta ta ciki. Idan suka kwararo baya sai a ƙera ATP, makamashin jiki, kamar yadda ruwan dam ke juya injin lantarki. Manyan fagen suka yi masa kunnen uwar shegu, domin su wani sinadari suke farauta wanda ba a taɓa samunsa ba. A 1963 rashin lafiya ta raba shi da Jami'ar Edinburgh, ya gyara wani tsohon gida a Cornwall, ya ci gaba da bincike tare da Jennifer Moyle. A 1978 aka ba shi kyautar Nobel.

Da masu ƙidaya ne alƙalai a 1963, da tuni sun rufe fayil ɗinsa, domin ambato yana bin abin da taro ya riga ya yarda da shi ne. Kwamitin da ya ƙi karanta aikin mutum, ya tsaya ga lamba, ragwanci ne kawai ke damunsa.