Gawon Bande da Muryar Manoma

Gawon da ya cika gonakin Bande, a yankin Magariya, ba gwamnati ce ta dasa shi ba. Bayan farin 1984, manoman Magariya, Matamaye da Mirya suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon da ya fito da kansa, domin sun fara ganin itacen gona nasu ne. Dokar gandun daji ta 2004 daga baya ta zo. A ganina, haka ya kamata a yi da burtali da rijiya da harajin kasuwa: a zauna da manomi, makiyayi da mata kafin a yanke hukunci. Tun da aka rusa majalisun gundumomi a Afrilun 2024, nauyin kiran wannan zama yana wuyan kantomomin da suka maye gurbinsu, don babu kansilan da zai kai musu kukan ƙauye.