Motar Lantarki da Tukunyar Dalma

Duk wanda ya shiga kasuwar Batsari ko ta Safana ya san tukwanen nan da mata ke kira na dalma. A gaskiya yawancinsu sanholo ne, kuma mai yawa daga cikinsa tsohuwar mota ce: fistin da gidan inji da giyabos, waɗanda 'yan gwangwan ke saye da kilo, maƙera su narka da gawayi su zuba a cikin yashi. To, abin da muke so malamai da akawuna su lura da shi shi ne, motar da ke haifar da wannan ƙarfe ta fara sake kama.

A 2024 an sayar da motocin lantarki fiye da miliyan 17 a duniya, watau fiye da ɗaya cikin biyar na sababbin motoci, a ƙasar Sin kuwa kusan rabi. Motar da ke tafiya da batir zalla ba ta da fistin, ba ta da gidan inji.

Sanholon mota iri biyu ne. Akwai na zubi, wanda ake haɗa shi da silikon, sinadarin da ke cikin yashi, don ya gudana sosai in ya narke. Shi ake yin inji da shi, kuma yana haƙuri da ɗan baƙin ƙarfe da jan ƙarfe a cikinsa. Akwai kuma na falle, wanda ake murzawa a yi ƙofa da murfin mota da akwatin batir. Shi kuwa ba ya son gauraye, in datti ya yi yawa sai ya tsage wajen lanƙwasa. Shekara da shekaru, a Turai da Amurka in an niƙe tsohuwar mota iri-irin nan sun cakuɗe, sai a narka su gaba ɗaya a yi sabon inji. Inji ne ke shanye gaurayen. Ga shi motar lantarki ta fi ta fetur cin sanholo, domin batir yana da nauyi, tilas a rage nauyin jiki, amma mai tsabta take nema. Har manyan zubin da kamfanin Tesla ya fara a 2020, inda yanki guda ya maye gurbin sassa wajen 70 a bayan motarsa Model Y, ba su karɓar kowane tarkace. Sa'an nan da gam da ƙusoshi ake haɗa jikin, raba su kuwa wahala ne.

Asarar ba ƙarama ba ce, gama sake narka sanholo yana cin kamar kashi 5 cikin 100 kaɗai na wutar da ake ƙonawa wajen fid da sabo daga ƙasa.

Mu a nan abin zai iso mu da jinkiri, tun da yake motocinmu sai sun tsufa a wata ƙasa suke zuwa. Amma muna hangen abu biyu. Maƙeri zai rasa fistin, wanda ya fi kowane tarkace daɗin zubi, ya koma kan falle da gwangwani masu yawan kashi a wuta. Kuma gaurayen da ya rasa kasuwa a Turai zai yi araha, kaya mai araha kuwa mun san inda yakan nufa. Wannan ya fi damunmu, domin tukunya abinci ake dafawa a ciki. Wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014 ya sami dalma ta ainihi, mai guba, tana fita daga irin waɗannan tukwane.

A ganinmu akwai inda muka fi Turawa a wannan sha'ani. Su injin niƙa ke cakuɗa musu kaya, suna kashe kuɗi mai yawa kan na'urorin tantancewa. Mu kuwa da hannu ake kwance mota, kuma yaron da ya daɗe a gwangwan yakan gane zubi daga falle da ido da ƙarar bugu. In dillalan da ke kai kaya Katsina da Kano suka fara biyan kowane iri farashinsa dabam, za a daina zuba su buhu guda. Sai dai lalle malamai su gargaɗi yaran da ke wannan sana'a tun yanzu: batirin motar lantarki ba irin na da ba ne, wutarsa takan kai ƙarfin bolt 400 ko fiye, in an sare shi da gatari yakan kama wuta mai wuyar kashewa.