Fitila mai rawa da mai kaɗa mata

Kwanan baya na halarci wani bikin kaɗe-kaɗe inda mai hayar kayan, wani Alhaji ɗan kasuwa, ya jera fitilu takwas masu juya kai, sababbi fil. Abin takaici, kowace tana rawarta dabam: wannan ta haska rufi, waccan ta kashe wa manyan baƙi ido, mawaƙi kuwa yana tsaye cikin duhu. Alhaji ya zuba dukiya wajen kaya, amma ya ƙi biyan teknisiyan.

Ita irin wannan fitila ba sabuwa ba ce. Kamfanin Vari-Lite na Amurka ya fito da ita a 1981, a rangadin ƙungiyar makaɗan Ingila Genesis. A 1986 aka tsara harshen da teburin sarrafawa yake magana da fitilu, wato DMX512. Waya guda tana ɗauke da hanyoyi 512, kowace hanya da lamba daga 0 zuwa 255. Fitila mai cin hanyoyi 16 in ta fara daga 1, ta biyu sai ta fara daga 17, ta uku daga 33. Aka kuskure wannan lissafi, sai ka ce a sauya launi, fitila ta juya maka ƙeya.

Rawar kanta lissafi ce. Kan fitila motsi biyu gare shi: waiwaye dama da hagu, wanda galibi yakan kai digiri 540, da ɗagawa da sunkuyawa. Teknisiyan yakan fara tsai da haske inda mawaƙi zai tsaya, ya ajiye wurin cikin ƙwaƙwalwar tebur. Daga nan ya ɗora wa motsin biyu lilo iri ɗaya, amma ya jinkirta ɗaya da rubu'in zagaye. Nan take haske ya shiga zana da'ira. In ya bar su tare, layi kawai zai ja a karkace. Kuma in ya raba fitilun takwas da digiri 45 tsakanin kowace da maƙwabciyarta, sai rawa ta bi jeri kamar iska cikin gonar hatsi. Abu uku yake riƙe da su: faɗin da'ira, sauri, da wannan jinkiri. Ni dai a ganina sauri ne ke ɓata yawancin bukukuwanmu, domin waƙa mai sanyi ba ta son fitila mai gaggawa.

Wannan aiki yana son yini guda kafin biki, dandali babu kowa. Saboda haka, ma'aikacin da aka ɗora wa shirya taro ya rubuta wannan yini da ladan teknisiyan cikin kasafi, kuma ya tabbata an kwafe shirin a makullin USB, domin kowa ya san halin wutar lantarki a lokacin zafi.