Waiwaye: Dara da Wanda Ke Zaune a Gabanka

A ƙasar Ruma da ta Safana, kafin dajin Rugu ya zama abin da ya zama, dara ce aikin maza na rani. Da an kai dawa rumbu, an haƙe rogo da dankali, sai ka ga an tona gidaje talatin a gindin bedi, jeri biyar, kowane jeri gida shida. Mutum biyu ke zama, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da guntayen kara, wancan da tsakuwa. A fara zubawa ɗaya bayan ɗaya har hannu ya ƙare, sannan a shiga turawa, gida ɗaya gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Ba a jera uku a lokacin zubi, huɗu a jere kuma ba ci ba ne. Dokar ke nan, yaro ɗan shekara goma zai haddace ta tsakanin azahar da la'asar.

Amma tsakanin wanda ya san doka da gwani akwai tafiyar shekaru. Na sha ganin zakaran wani ƙauye, wanda duk rani ba a tashe shi daga kan buzunsa, ya shigo Batsari ranar kasuwa ya zauna gaban wani dattijo. Dattijon na cin goro, yana amsa gaisuwar masu wucewa, yana kuma kwashe masa 'ya'ya ɗai-ɗai. Baƙon ya tashi yana kaɗe riga, 'yan rakiyarsa su ce ai tsohon nan da laya a hula. Masu sauƙin baki su ce baiwa ce.

Ni ban yarda da layar ba, baiwar ma rabin magana ce. Mutumin ƙauyen nan ya fi dattijon yawan zama kan dara, domin ba shi da shagon da zai tsare. Matsalarsa ita ce mutum uku ko huɗu yake bugawa da su tun yana saurayi. Ya san inda kowannensu ke fara zubi, ya san wanda ke ruɗewa in an matsa masa. Halinsu ya ƙware a kai, ya ɗauka dara ya ƙware. Kifin rijiya ke nan. Shi kuwa na Batsari ko Runka ko Safana, duk mako kasuwa na kawo masa sabon hannu: fatake daga Jibiya da Dutsin-ma, masu shanu daga wajen Zurmi, baƙi daga ƙasar Maraɗi, kowa da irin zubinsa. Ana cinsa, ana cinsa, har ya gane cewa a zubi ake gama wasa, turawa cika aiki ce kawai. A nan ne gwani ke shirya abin da ake kira doki: 'ya'ya biyu nan, biyu can, da guda ɗaya a tsakani da zai riƙa kaiwa da komowa, ko ina ya sauka ya cika uku. Wanda aka ɗaure wa doki gara ya share gidaje a sake sabo.

Sai kuma 'yan kallo, waɗanda a lokacin muke ɗauka masu surutu ne kawai. Da wasa ya ƙare ba a barin wanda aka ci ya tafi haka nan. Wani tsoho zai miƙa hannu ya mayar da 'ya'yan inda suke tun kafin ɓarnar ta faru, ya ce, "Zo nan, ɗan nan. Da ka sa karanka a gidan can, ina zai bi?" Yaro ya ce, "Baba, ai ban gani ba." A yi masa dariya, a nuna masa, a yi gardama a kan wata hanyar har a kira magariba. Ashe makarantar ke nan.

Abin da ya tuno mini da wannan duka labarin wata ƙasa ce mai nisa. A 1998 kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar da StarCraft, wasan kwamfuta na dabarun yaƙi, inda mutum ke tara dukiya, ya gina sansani, ya jagoranci runduna, duk a lokaci guda. Wasan ya iske Koriya ta Kudu tana farfaɗowa daga karyewar tattalin arziki ta 1997, shagunan intanet na buɗewa a kowace unguwa. Kafin shekara ta 2000 ta ƙare an kafa KeSPA, hukumar kula da gasar wasannin kwamfuta ta ƙasar, akwai tashar talabijin da ba ta da aiki sai nuna gasa. Manyan kamfanoni irin su SK Telecom da KT da Samsung suka ɗauki 'yan wasa a kan albashi, suka zuba su gida ɗaya. A nan suke kwana, a nan suke ci, a nan suke atisaye awa goma ko fiye a yini. Sunaye irin su Lim Yo-hwan da Lee Young-ho suka zama kamar na taurarin ƙwallo.

Sakamakon ya fito fili. Bayan Guillaume Patry ɗan Kanada ya ci babbar gasar tashar OnGameNet a 2000, babu wani baƙo da ya sake cin ta har aka daina yin ta. Mutanen Turai da Amurka suka yi ta cewa awannin ne, wasu suka ce jinin Koriyawa ne, wato dai layar hula ta sake dawowa da wata riga. Alhali a Turai ma akwai samarin da ke kwana gaban kwamfuta. Abin da ba su da shi shi ne gidan. Ɗan wasan Koriya in zai kara da wani ranar Asabar, koci zai sa yaran gida su kwaikwayi salon mutumin nan, su yi ta buga masa shi har ya san duk inda zai ɓullo. In an ci shi, a kunna wasan daga farko, a tsayar a daidai inda ya kauce, mutum biyar na tsaye a bayansa kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Sababbin shiga kuwa su ne masu shara da wanke-wanke, ladarsu ita ce a bar su su zauna gaban manya a ci su. Ba na yabon wannan ɓangaren. Yara da yawa sun bar makaranta, sun ƙare da ciwon wuyan hannu ba tare da an taɓa jin sunansu ba.

A watan Oktoba na 2016 aka rufe gasar ƙungiyoyi ta Proleague, yawancin kamfanonin suka sallami 'yan wasansu na StarCraft II, wasan da ya gaji na farko. Shekara biyu bayan haka, a Nuwamban 2018, Joona Sotala ɗan Finland, wanda aka fi sani da Serral, ya ci kofin duniya na wasan, karo na farko da wanda ba Bakoriye ba ya ɗauka. Yaron gwani ne na gaske, ba a rage masa komai. Amma jinin Koriyawa bai canza a shekara biyu ba, gidajen ne suka watse.

Namu gidajen ba kamfani ne ya rufe su ba. A Fabrairun 2020 'yan bindiga suka kashe mutum talatin a Tsauwa da Dankar cikin ƙaramar hukumar Batsari, kuma wannan ɗaya ne daga cikin hare-haren da ba su ƙirguwa. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka katse layukan waya na tsawon watanni a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Ina sane da cewa wanda ya rasa ɗa ko gona ba dara ce a ransa ba, kuma ban kawo ta don in haɗa ta da rai ba. Sai dai baƙon da ke kawo sabon zubi ya daina zuwa, zaman bayan la'asar ya gajarce domin kowa na son ya shige gida da sauran haske. Dara kuma ba ta da littafi. Mai wasan ces yana iya buɗe wasan da aka buga shekara ɗari da suka wuce ya bi shi taki-taki, na StarCraft yana da faifansa. Tamu da tafin hannu ake share ta, abin da ke kan tsoho in ya tafi ya tafi da shi.

Samarin yanzu ba su rasa wasa ba. Ga ludo da ƙwallon waya da PUBG, wasu har kuɗin data suke ranta. Awanni kam suna zubawa fiye da yadda muka zuba. Amma in an ci yaro a waya sai ya danna ya sake sabo, babu mai cewa dakata, mayar da shi nan. Zai yi shekara uku yana maimaita kuskure ɗaya, in ya haɗu da ɗan Legas ko ɗan Masar da ke da ƙungiya da koci ya ce ai intanet ɗinsu ya fi namu ƙarfi. Wani lokacin gaskiya ne, ba kullum ba.

Gudun hijira ya yi wani abu da kasuwa ma ba ta taɓa yi ba. Tsofaffin da a da sai ranar kasuwa suke haɗuwa, yanzu da yawansu na zaune gari ɗaya, a Batsari da Dutsin-ma da cikin Katsina, unguwa ɗaya, masallaci ɗaya. Duk ƙungiyar matasan da ke iya tara kuɗin gasar ƙwallon unguwa tana iya share fili ta kafa rumfa, ta gayyato su, ta sa wanda zai ɗauki hoton kowane zubi da waya kafin a fara turawa. Kuɗin goro da shayi ne kawai, sai kuma yaran da za su yarda a ci su a gaban jama'a har rani ya fita.