Ido ba mudu ba ne, harshe kuma ba ma'auni ba ne

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan magana gaskiya ce a wajen awon hatsi da tiya. Amma idan aka zo ga kayan ɗanɗanon miya da suka cika tebura tun daga unguwar Zariya har babbar kasuwar Maraɗi, to ido ya kasa, harshe ma ya kasa. Farin gari a ƙullin leda, ba suna ba hatimi, wa ya isa ya rantse da abin da ke cikinsa?

Farin magi dai ba baƙon abu ba ne a wajen masana. Wani malami ɗan ƙasar Japan, Kikunae Ikeda, shi ya gano a shekarar 1908 cewa sinadarin gulutamat ne ke ba romo daɗinsa, kuma a 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Wannan sinadari yana cikin tumatir da nama, yana kuma cikin daddawar kalwa da kakanni suka gada. A 1987 kwamitin masana na hukumomin abinci da na lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya duba shi, bai ga dalilin yanka masa iyakar ci ba. Saboda haka jita-jitar da ke cewa guba ne ba ta da tushe. Haɗarin yana wasu wurare biyu: algus da ake iya yi wa kayan da aka farke daga buhu aka sake ƙullawa, da kuma gishiri, wanda shi ne kaso mafi girma a yawancin dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, domin yawansa na jawo hawan jini.

To, yaya za a auna abin da ido bai gani? Mai karatu ya san ƴar na'urar nan da masu ciwon suga ke ɗiga wa jini, ta nuna lamba nan take. Tushenta aikin wani Ba'amurke ne, Leland Clark, wanda a 1962 shi da abokin aikinsa suka nuna yadda za a haɗa sinadarin halitta da ake kira anzim da tsinken lantarki. Haka na'urar gulutamat take aiki. Ana shafa wa ɗan tsinken anzim ɗin da ba ya cin komai sai gulutamat. Idan aka ɗiga romo, sai anzim ya farfasa sinadarin, ya fitar da irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke miki da shi a likita. Wannan ruwa kuwa yana haifar da ɗan lantarki a jikin tsinken. Gwargwadon yawan gulutamat, gwargwadon ƙarfin lantarkin. Farin magin da aka cuɗa da gishiri sai ya tona kansa, don lambarsa za ta faɗo ƙasa da ta tsantsa.

Mutanen jihar Maraɗi sun fi kowa sanin tsadar rashin awo. A Tibiri, rijiyar burtsatsen da aka fara sha a 1985 tana ba da ruwa garai-garai, ba wari ba ɗaci, alhali sinadarin fuliyor da ke ciki ya ninka fiye da sau uku iyakar miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar. Dubban yara suka tashi da haƙora masu tsatsa da ƙasusuwa a lanƙwashe. Abin takaici, tsinken lantarki mai auna fuliyor ya wanzu tun 1966. Ba ilimi aka rasa ba, awon ne bai zo a kan kari ba.

Sai dai kada a ɗauki na'urar kamar sha-yanzu-magani-yanzu. Kowane tsinke sinadari ɗaya yake ganewa. Zafin bazara na kashe anzim. Dole ne a riƙa daidaita ta da ruwan gwaji. Kuma ba ta bambanta gulutamat ɗin daddawa da na kamfani. Aikinta ta ɗaga tuta, ɗakin bincike ya yanke hukunci.

Duk da haka, ɗaukar samfur daga Ɗan Isa zuwa Yamai tafiya ce mai nisa, kafin amsa ta dawo an sayar da kayan an cinye. Ya kamata ƴan duwan, da ma'aikatan tsabta, da malaman Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo su haɗa kai a kan awon gaggawa a bakin iyaka da cikin kasuwa. Ɗan kasuwa mai gaskiya shi zai fara cin riba, don takardar awo shaida ce a hannunsa. Uwargidan da ke kwaɗa zogalen Jiratawa kuwa, kafin ranar ta zo, ta sayi mai suna da hatimi, ta kuma rage gishiri idan ta jefa dunƙule a tukunya.

Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Allah ya kiyaye.