Lissafin da ba mu yi a lokacin kaka

Wajen 22 ko 23 ga Satumba, ranar da dare da yini suke zuwa kunnen doki, manoman Doguwa da Tudun Wada sun soma karyar masara, shinkafa ta sunkuyar da kai, dawa kuwa da sauranta, sai ta sha raɓa. A wannan rana, a wasu gidaje na Ingila da Amurka, akwai mutanen da ke share tebur su jera tuffa da zangarniyar alkama, su kunna kyandir, su zauna da takarda da biro. Galibinsu ba su taɓa riƙe fartanya ba, a kanti suke sayen abin da za su ci. Duk da haka sun ɗauki ranar bikin kaka ce, kuma abin da suke aunawa a cikinta shi ne shekarar da suka yi: me na shuka a rayuwata, me ya tsiro, me ya lalace, me ya kamata in sake shi ya wuce.

Mabiya addinin Wicca ke nan. Addini ne sabo, ko da yake mabiyansa na farko sun yi ta cewa ya girmi Kiristanci. Wani Bature mai suna Gerald Gardner, wanda ya yi aikin gwamnatin mulkin mallaka a Malaya kafin ya yi ritaya ya koma gida, shi ya fito da shi fili bayan Ingila ta soke dokar hukunta matsafa a 1951, ya kuma wallafa littafi a kai a 1954. Masanin tarihi Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya bi diddigin lamarin, ya nuna a littafinsa na 1999 cewa a ƙarni na ashirin aka harhaɗa addinin daga tsofaffin al'adun karkara da rubuce-rubucen masu sha'awar asiri. Ba su da yawa. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales, kimanin mutum 13,000 ne suka rubuta Wicca a gurbin addini.

Sun raba shekara gida takwas, uku daga ciki na kaka ne. Ranar 1 ga Agusta suna bikin hatsin fari, wanda suke kira Lammas, su gasa burodi a ci tare. Na Satumba shi ne Mabon, sunan da wani Ba'amurke, Aidan Kelly, ya laƙaba masa a shekarun 1970. A nan ne mutum zai rubuta abubuwan da yake godiya a kansu, sannan a wata takardar ya rubuta abin da ke ci masa rai, ko gaba ce, ko nadama, ko auren da ya mutu, ya ƙone ta ko ya binne. Na uku shi ne Samhain, daren 31 ga Oktoba, na tunawa da mamata. Wasunsu kan ajiye kujera da kwano babu kowa, a ci abinci shiru, daga baya kowa ya ambaci wanda ya rasa.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri. Mutanen nan suna bauta wa wata allahiya da wani abin bauta mai ƙaho, kuma a wurin Musulmi wannan shirka ce tsagwaronta, ba ta da mazauni a gidanmu. Ban zo in tallata wa kowa kyandir ko ƙona takarda ba. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Mutanen da noma ya bar hannunsu tun zamanin kakanninsu sun ji a jikinsu cewa ɗan Adam yana bukatar ranar da zai tsaya ya dubi abin da shekara ta yi masa, har suka aro kaka don su samu dalilin tsayawa. Mu da muke da kakar ta gaskiya, da ƙaiƙayinta a wuya da ƙurarta a ido, a guje muke wuce ta.

Dubi yadda take zuwa mana. Daga Kwanar Ɗangora ka nausa kudu ta Tudun Wada har ka ratsa dajin Falgore ka faɗa ƙasar Doguwa, duk inda ka duba a watan Oktoba da Nuwamba shanya ce. Masara a kan tamfol a bakin titi, injin casa yana ta ruri, totuwa ta taru tsibi guda, mata sun ɗaure hanci da gefen mayafi suna shiƙa. A Tudun Wada tukwanen turara shanshera ba sa sauka daga wuta. Manyan motoci sun yi layi suna jiran lodi zuwa kasuwar Dawanau. Abin gwanin sha'awa ga mai wucewa. Amma tsaya kusa da mai gonar lokacin da ake ɗinke bakin buhu, ka kalli leɓɓansa. Ƙirga yake yi. Wannan na mai taki ne, wannan na mai maganin feshi, wannan na 'yan ƙwadago, waɗannan biyu na wanda ya ba shi bashi tun watan Yuni a kan za a biya da hatsi a farashin kaka. Kafin ɗinki ya ƙare rabin tarin ya zama na wasu. Ka ce masa, "Malam, ya amfani?" Zai ce, "Alhamdu lillahi, an samu na tuwo." Ya faɗi gaskiya, godiya wajibi ce. Sai dai akwai sauran magana a bayan wannan, kuma babu wanda zai tambaye shi ita.

Shekarun nan ba su yi wa manomi da sauƙi ba. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo Najeriya a 2016, ba ta kuma fita ba. Ambaliyar 2022 ta kwashe gonaki a faɗin ƙasar nan. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin huɗa da na ban-ruwa da na dako suka tashi tare, taki ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Mutanen da ke maƙwabtaka da Falgore sun ga shekarun ɓarayin shanu da masu satar mutane, akwai wanda aka kore masa shanun huɗa a dare ɗaya. Ga kuma abin da ba ya shiga labarai: damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ce, kuma gidaje da yawa sukan shiga kaka da gurbin yaro guda a tabarma. An yi jana'iza da safe, an yi zaman makoki kwana uku, a na huɗu an koma gona domin ciyawa ba ta jira. Uwar yaron ta koma murhu. An ce mata ta yi haƙuri, ta kuwa yi, amma ba a sake ɗaga maganar ba.

Da buhu ya shiga ɗaki sai hidima ta taso. Bikin 'ya, gyaran katangar da ruwa ya zubar, kuɗin makaranta, wani ma ƙarin aure. Masu gona a bakin ruwan Tiga, madatsar da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ba su ma da hutun, suna kwashe na damina suna gyaran na rani. Samari kuma su ɗaure jaka su tafi cin rani Abuja ko Legas. Haka shekara ke hawa kan shekara. Saɓanin da aka samu tsakanin wa da ƙane a kan iyakar gona yana nan. Maganar da maigida ya yaɓa wa uwargida ranar da taki ya ƙare tana nan. Ba a warware ba, an dai tura ƙarƙashin gado. Daga baya mu ji an ce wane hawan jini ya kama shi, wance ba ta barci, yaron gidan wane ya faɗa shan ƙwaya, mu yi ta mamaki.

Da can ba haka kaka take wucewa ba. Akwai kalankuwa, akwai dambe da kokawa a dandali bayan an kai amfani gida, 'yan mata na gaɗa a farin wata. Maguzawa, waɗanda har yanzu akwai zuriyarsu a ƙauyukan kudancin Kano, suna da yanke-yankensu na kafin shuka da na bayan girbi, kuma Joseph Greenberg ya rubuta irin waɗannan al'adu na Maguzawan ƙasar Kano a littafinsa na 1946. Musulunci ya kawar da yankan, kuma daidai ne. Wasannin ma an rage su saboda abin da ke cakuɗe da su na shaye-shaye da cuɗanya. Amma a cikin abin da aka zubar har da wani abu mai amfani, wato ranar da gari duka ya san aiki ya ƙare, a zauna a dubi juna. Maƙwabtanmu Kirista na Doguwa da Tudun Wada sun riƙe nasu, duk shekara suna kai amfanin gona coci ranar godiya. Mu ba mu sa komai a gurbin ba.

Alhali kuwa ba sai mun je aro ba. Aya ta 141 a Suratul An'am ta haɗa ranar girbi da fitar da haƙƙin Allah. Zakkar hatsi tana wajaba idan amfani ya kai wusuƙi 5, wato sa'i 300, a fitar da ɗaya bisa goma a noman ruwan sama, rabin haka a wanda aka shayar da wahala. Wanda zai fitar da ita dole ya tsaya ya auna, ya tuna wa ke da bukata a unguwa, ya taka ya kai masa. Ashe addini ya riga ya kafa mana tasha a tsakiyar kaka. Sai dai mun mayar da ita awon kwano kawai, wasu ma sun tsallake ta. Malamanmu sun san babin muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi. Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, da wannan aka san shi, kuma Imam Gazali ya ware mata babi a Ihya'u, littafin da ake karantawa a zaurukan Kano. Game da baƙin ciki kuwa, shekarar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib, shekarar baƙin ciki ake kiranta a littattafan sira, kuma ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ba ta ɓoye zafin rashin ba. Ban san inda muka samo cewa haƙuri yana nufin a kulle baki ba. Haƙuri shi ne kada ka yi wa Allah tawaye a kan hukuncinsa. Faɗa wa ɗan'uwanka cewa abu ya yi maka ciwo bai karya shi ba.

Masu binciken halayyar ɗan Adam ma sun taɓa wannan wuri. A wani bincike da aka wallafa a 1986, James Pennebaker ya sa ɗalibai a wata jami'a ta Texas su riƙa rubuta abin da ya fi ƙona musu rai, minti 15 a rana har kwana 4. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru tare da yadda suka ji, zuwansu asibitin makaranta ya ragu a watannin da suka biyo baya. An maimaita gwajin a wurare da dama, amfanin ba mai yawa ba ne, amma yana nan. A ganina abin da ke aiki a takardar 'yan Wicca ke nan. Wutar ba ta ƙone komai sai takarda. Sauƙin yana zuwa ne daga zaman da mutum ya yi ya kira damuwarsa da sunanta.

Abin da nake so mu gwada ƙarami ne, kuma ba ibada ce sabuwa ba, ba shi da rana tsayayya ko wata addu'a ta musamman, kada wani ya ce an kawo bidi'a. Shawara ce ta gida, irin wadda ake yi kafin biki. Idan amfani ya shiga rumbu an fitar da zakka, maigida ya zaɓi dare guda bayan isha'i ya tara iyalinsa, har da matan, domin su ne suka yi shiƙa, su ne suka yi jinya, kuma su ne aka fi hana magana. Ya faɗi abin da aka samu da bashin da ya rage, ba tare da rufa-rufa ba. A ambaci wanda aka rasa a shekarar da sunansa, a yi masa addu'a, a bar uwarsa ta yi kuka in kukan ya zo, kada a ce mata ya isa. Sannan maigida ya buɗe baki ya ce, "Wanda na ɓata wa a daminar nan ya yafe mini." Na san nauyin wannan kalma a bakin magidanci Bahaushe. Amma idan ta fito daga sama, ƙanana za su samu ƙarfin faɗin tasu. Washegari ya taka zuwa gidan wan nan nasa da suka yi watanni ba sa ga-maciji, ya ce, "Yaya, na zo mu kashe maganar iyakar nan kafin wata damina."

Wannan ba zai maye gurbin asibiti ba. Wanda ya yi makonni ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina shiga mutane, ko yana maganar gara ya mutu, ciwo ne ke damunsa, a kai shi ga likita. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau, akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma tun Janairun 2023 ƙasar nan tana da sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Sai dai daga Doguwa zuwa birni tafiya ce mai nisa, likitocin kuma kaɗan ne, saboda haka mafi yawan nauyin a gida zai sauka ko ya ƙi sauka.

Ina roƙon limaman Juma'a na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, idan kun hau mumbari a kakar bana kuna bayanin nisabi da awo, ku ƙara da maganar yafiya da ta'aziyyar da aka bari a rabi. Malaman Islamiyyar matan aure su ma su ɗauko ta a aji. Kai kuma maigida, kada ka bari samarin gidanka su hau motar cin rani ba ku yi wannan zama ba.